Babana, zo mu yi zancen tsoka

Tawa, daren Lahadi

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan gida lafiya lau, sai zafin da ka san halinsa. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Rabon da in ɗauki alƙalami in rubuta wa wani wasiƙa tun kafin salula ta shigo gari. Amma maganar da ke bakina yau, in na kira ka, "to Baba, to Baba" za ka yi ta yi har kuɗin wayar su ƙare, in kashe, ka koma kan abinka. Akwai kuma wani ɓangare nata da nauyinsa ba zai bar ni in faɗa maka ido da ido ba. Takarda ba ta jin kunya.

Hoton da ka turo wa ƙanwarka ya zagaya gidan nan kaf. Innarka ta daɗe riƙe da wayar tana cewa Yamai ta karɓe ka, ƙirji ya buɗe, damtse ya cika hannun riga. Ni ma na ce masha Allah. Sai dai idon tsohon ma'aikacin asibiti ba ya tsayawa inda aka nuna masa. Na ga ƙuraje a kafaɗarka, kai da ko lokacin balaga ba ka yi su ba. Na kuma lissafa, wata huɗu ke nan da ka bar nan kamar sillen kara. Na yi shiru. Da kawunka ya dawo jiya, bayan an tashi daga cin tuwo, ya ja ni gefe ya ce a ɗakinka ya kwana, ya buɗe gwangwanin madara yana neman sukari, ya tarar da 'yan kwalabe da sirinji. Kada ka riƙe shi a rai. Da ya ɓoye mini, da shi zan yi faɗa.

Ba zagi na zauna yi ba. Kai ɗalibin shari'a ne, an koya maka ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin kowa, to ga tawa. Abin nan da kake neman kumburawa, na san shi da wuƙa a rumfar kakanka wanda ka ci sunansa, na san shi da littafi a makarantar aikin lafiya ta Damagaram, sannan na yi shekara talatin da wani abu ina soka masa allura.

Kakanka bai taɓa shiga lakkwal ba, amma in ya kama cinyar sa zai yi kilishi, sai ka ce karanta ta yake yi. Yakan shafa ta da yatsa tukuna, ya nemo inda zaren naman ya dosa, sannan ya ɗora wuƙa ya yi ta warware ta kamar mai warware rawani, har ta zama shimfiɗa guda da kake hango rana ta cikinta. In na karɓi wuƙar na datsa a gicciye, sai ya buge mini hannu, ya ce nama saƙa ne, in bi zarensa.

Da na je Damagaram aka ɗora mana yankin tsoka a ƙarƙashin madubin likita, sai na ga tsohon nan gaskiya ya faɗa. Ka gwada da kanka: naman da ya dahu luguf, ka ja shi da yatsa, zai rabu sili-sili. Kowane silin da idonka ya gani dami ne, a cikinsa akwai zaruruwa da yawa, kowane zare kaurinsa bai wuce na gashin kanka ba. Zare na da rigarsa, dami na da tasa, tsokar gaba ɗaya kuma tana cikin farin tantanin nan da mahauta ke ɗayewa. A ƙarshen tsokar sai rigunan su haɗu su zama farar igiya mai tauri da ta kama ƙashi. Irinta ce agara, wadda ake rataye rago da ita a ƙugiya, ka ga dabba guda tana lilo a kanta ba ta tsinke ba. Hausa ta yi mana rowa a nan. Igiyar nan jijiya, hanyar jini jijiya, wayar da ke kawo saƙo daga ƙwaƙwalwa ita ma jijiya. Mutum ya zo asibiti ya ce jijiya ke damunsa, sai ka yi ta tambaya kafin ka gane wacce a cikin ukun.

Irin wannan tsoka mai kama ƙashi ta fi 600 a jikinka, kuma a lafiyayyen namiji ita ce kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, shi ya sa cinya guda in ta sha rana take komawa abin da za ka naɗe a takarda ka jefa a jaka.

Ka tuna rijiyar garin kakanninka na wajen uwa, wadda in ka leƙa sai ka hango ruwan can ƙasa kamar ƙwayar ido? Samari uku ko huɗu kan igiya ɗaya, wannan ya kama ya ja, ya saki ya kama gaba, kafin ya saki hannun wani ya riga ya riƙe, shi ya sa guga ba ta komawa. To haka tsoka ke aiki. Cikin kowane zare akwai wasu ƙananan zaruruwa iri biyu a jere, siriri da kakkaura. Siririn shi ne igiyar, sunansa aktin. Kakkauran, miyozin, shi ne mai hannuwa. In saƙo ya iso daga ƙwaƙwalwa, sai wani sinadari, kalsiyum, da ke ajiye a cikin zaren ya fito ya buɗe wuraren kamawa a jikin igiyar, hannuwan su kama, su ja, su saki, su sake kamawa. Ba wanda ya gajarta a cikinsu, shigewa juna suke yi, kamar ka sarƙe yatsun hannunka biyu. A ɗaki-ɗaki aka jera su, abin da ɗaki guda ke matsawa ido ba ya gani, amma ɗakunan dubbai ne, in suka matsa tare sai ka ga ƙwanji ya tashi. Sai a 1954 aka gano haka. Abin dariya, masana biyu ne 'yan Ingila masu suna ɗaya, Huxley, ba dangin iya ba na baba, kowanne da abokin aikinsa daban, suka fito da bayanin a lokaci guda.

Masu jan gugan nan ba sa aikin Allah-ya-ba-ku-lada. Kowane ja da kuɗinsa, wani sinadari da ake kira ATP, wanda jiki ke samarwa daga abinci da iskar da ka shaƙa. Abin da ya fi ba ni mamaki ranar da aka koya mana shi ne sakin ma sai an biya. Hannun da ya kama, in babu ATP ba ya iya saki. Shi ya sa gawa ke sandarewa bayan 'yan awoyi, shi ya sa ake gaggawar miƙe wa mamaci ƙafafu a ɗaure masa haɓa tun jiki na da laushi. Kakanka ta wajen nama ya san wannan. Ya san wanda aka feɗe yanzu yakan yi ɗan motsi a kan tebur kamar da sauran rai, ya san can anjima yakan yi tauri, in ya daɗe kuma ya saki. Ban taɓa tsayawa wajen wankan gawa ban tuna darasin nan ba. Allah ya sa mu cika da imani.

Igiya kuwa ja take yi, ba wanda ya taɓa tura guga da ita. Shi ya sa Allah ya yi tsokoki kishiyoyi. Ta gaban damtse ta naɗe hannu, ta baya ta miƙe shi. Ta gaban cinya ta miƙe gwiwa, ta baya ta lanƙwasa ta. In ɗaya na ja, ɗayar na sassautawa daidai gwargwado. Wanda ya fifita kishiya ɗaya kuma, ka san yadda gidansa ke ƙarewa. Samarin da ke gina ƙirji da damtse kaɗai, don su ne ke fita a hoto, su bar baya da ƙafafu, kafaɗa ce ke biyan bashin, ta zubo gaba ta fara ciwo. A hoton naka na ga sama ta cika, ƙafafun kuwa suna nan yadda na san su.

Ba duk zare ne iri ɗaya ba. Ƙirjin kaza fari ne, cinyarta ta fi duhu, ƙirjin tantabara kuwa jawur har ya yi baƙi-baƙi. Kaza da ƙafa take yini, fiffike sai in shaho ya kawo sura ta yi fir sau ɗaya ta faɗo. Tantabara da ƙirji take cin abinci. Jan zare cike yake da ƙananan hanyoyin jini da wani abu mai riƙe iska da ake kira miyoglobin, ba shi da garaje, ba ya kuma gajiya da wuri. Farin kuwa wutar kara ne. A jikin mutum a cakuɗe suke cikin tsoka guda, wani ya gaji wannan da yawa, wani wancan. Bafulatanin da ke bin shanu daga nan har Ingal da sanda a wuya, in ka gan shi sai ka ce iska za ta ɗauke shi, amma bi shi yini guda ka sha mamaki. Ɗan kokowa shi duka biyun yake bukata, jan don dogon riƙo, farin don ƙiftawar idon nan da zai ɗaga ƙato ya kai shi ƙasa.

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka yi kokowar ƙasa ta farko a nan Tawa, a 1975, zamanin Seyni Kunce, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobinta. Kakanka da ko ranar Salla ba ya barin rumfa, ya bar wa yaransa ya tafi da ni. Na ga ƙarti masu wuya kamar turmi, na kuma ga waɗanda ba su kai su cika ido ba suna kayar da su. Mutanen nan da hauya da jan guga da ɗaukar dami suka gina jikinsu, da fura da nono. Ko yau ka je Galmi lokacin albasa ka kalli bayan masu lodi.

Yawan zaruruwan da aka haife ka da su kusan shi ne za ka koma ga Allah da shi. Kauri kowanne ke ƙarawa. In ka ɗora wa tsoka nauyin da ya fi wanda ta saba, sai ta shiga ƙara aktin da miyozin, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke kwance a gefen zaren kuma su farka su kama gyara. A wajen ɗaga ƙarfe kiran magina kawai ka yi, yawancin aikin sai ka huta suke yin sa, musamman da dare kana barci. Wanda ya ɗaga ƙarfe da yamma, ya zauna a fada yana shan shayi har ƙarfe biyun dare, ya kira magina ne ya kulle musu ƙofa. Tsamin jikin da ke zuwa washegari, ya tsananta a kwana na biyu, ya lafa a na uku ko na huɗu, duk cikin gyaran ne. Tsokar da ka wahalar yau ka ba ta kwana biyu. A makonnin farko ma ƙarfin da mutum ke jin ya ƙaru yawancinsa daga jijiyoyin saƙo ne, da suka koyi tada zaruruwa da yawa a tare. Kaurin sai daga baya, wata da watanni. Wannan jiran ne ke gagarar samari, mai sayar da kwalba kuma ya san da haka.

Magina kuma sai da tubali, tubalin tsoka shi ne furotin. Mai zaman ofis gram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a yini. Mai ɗaga ƙarfe yana bukatar wajen ninki biyu, 1.6. In kana kilo 70, wajen gram 110 ke nan, abin da ya zarce haka da yawa aljihu kawai yake hudawa. Ƙwai ɗaya gram 6 ne. Ɗanyen nama gram 100 na ba da wajen 20. Busasshen wake gram 100 ya haura 20, ga shi ƙasarmu na cikin manyan masu nomansa a duniya. Ga ƙuli-ƙuli, ga awara, ga cuku, ga nono, ga soyayyar fara da ba unguwar da babu ita a Yamai.

Yanzu kwalaben. Ban gan su ba, amma daga kwatancen kawunka, ruwa mai maiƙo kamar man gyaɗa, ga ƙurajen nan, na san dangin testosteron ne, sinadarin mazantaka da maraina ke yi. Ba zan ce maka ba ya aiki ba, madubinka zai ƙaryata ni. Magani ne na gaske, likitoci na ba wanda jikinsa ya kasa yin nasa. Amma abin da 'yan ɗaga ƙarfe ke ɗura wa kansu ya ninka wanda jiki ke yi sau da yawa, kuma allura ba ta san damtse ba. Jini ta shiga, duk inda jini ya je ta je.

Tsoka kuwa iri uku ce, ɗaya kawai madubi ke nuna maka, mai jin umarninka. Ta biyu ba ta shawara da kai. Ita ce a bangon tumbi da hanji tana tura tuwo, ita ce a mafitsara, ita ce a jikin hanyoyin jini tana matse su tana saki, har a gindin gashi akwai ta, ita ke sa tsigar jikinka ta tashi. Mahaifa ma ita ce. Daren da aka haife ka, innarka ta zubar da jini har na ji ungozoma ta daina magana. Zaruruwan mahaifa a gicciye suke da juna, in mabiyiya ta fita su ne ke damƙe hanyoyin jinin kamar an ɗaure bakin buhu. Nata suka yi sanyi. Ungozomar ta yi ta murza mata ciki, aka yi mata allurar ositosin mai sa mahaifa ta matse, ni ina bakin ƙofa da farar rigata ba ni da amfanin komai, har na ji an ce ta yi tauri. Ba ta taɓa ba ka labarin nan ba, kada ka ce na faɗa.

Ta uku guda ce tak, ita ce zuciya, girmanta kamar dunƙulen hannunka. Kakanka yakan tsaga zuciyar rago ya nuna mini, ɓangaren hagu kakkaura, na dama siriri. Tana bugawa wajen sau 100,000 a yini, tun kana ciki ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ƙwayoyinta a sarƙe suke da juna, shi ya sa suke matsawa kamar mutum ɗaya. Kuma ba ta da masu gyara irin na damtse, inda ya mutu a zuciya tabo ne ke zama a wurin har abada. Allurar nan tana kaurara ta yadda take kaurara ƙirjinka, kaurin zuciya kuwa ciwo ne. Bango ya yi kauri ya yi tauri, ɗaki ya ƙi buɗewa ya cika yadda ya kamata, bugu ya rikice, hawan jini ya shigo, kitsen jini mai amfani ya faɗi, mai toshe hanya ya hau. Saurayin da bai kai talatin ba sai ya yanke jiki ya faɗi, a ce sammu ne.

Sai maganar da ta sa na zaɓi takarda. Ƙwaƙwalwa na auna sinadarin nan a jini. In ta ga ya yi yawa, sai ta aika wa maraina su dakata. Su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, a wasu su ɗauke ɗungurungum. Wani kaso na rarar kuma jiki na juya shi zuwa sinadarin mata, nono ya fito wa namiji, in ya zauna kuwa sai wuƙar likita. Wanda ya daina da wuri yawanci abubuwa na dawo masa cikin watanni. Wanda ya daɗe, wani sai shekaru, wani ba ya komawa yadda yake. Innarka ta fara yi mini zancen 'yar wance da 'yar wane. Na gama wannan, ba zan sake tada shi ba.

Sauran ka ji su a gurguje. Hanta na jin jiki, musamman da na haɗiya. Fushi na zuwa kusa. Nama na gaba, igiyar da ta kama ƙashi na baya, domin ita ba ta samun jini sosai, ba ta ƙarfafa da saurinsa, sai wata rana a ji ɗas. In kuma da tramol a ciki, wanda ake ce wa maganin ƙarfi, ka sani ko zare ɗaya ba ya ƙara wa ƙarfi. Bakin ɗan aike yake toshewa, gajiya da ciwo su kasa isar da saƙo, mutum ya yi ta aiki a kan rauni.

Wa ma ke yi maka allurar? Wannan ya fi sauran hana ni barci. A mazaunai akwai babbar jijiyar saƙo, kaurin yatsa, da ta sauka har ƙafa. Shi ya sa ake raba gefe guda gida huɗu, a soka a na sama ta waje kawai. Na ga yaro ɗan shekara shida da wani mai tallar magani ya yi wa allurar kinin a kasuwar ƙauye, inda bai dace ba. Zazzaɓin ya tafi, ƙafar ta bi shi. Uwar ta ɗauka shan inna ne. Bayan wata shida ƙafar ta tsotse kamar muciya, domin tsokar da saƙo ya daina isa gare ta bushewa take yi, ko kullum rago ake yanka wa mai ita. Yanzu magidanci ne, in ya zo kasuwar Lahadi yana jan ƙafar muna gaisawa. Ban da wannan, sirinji ɗaya tsakanin abokai hanya ce ta ciwon hanta da sida, ga ƙurji mai ruɓa a can cikin nama, irin wanda na sha tsagawa.

Tun da zafi ya shigo, ga wani abu ko da babu allura. Wata shekara cikin Afrilu aka kawo mana saurayi a amalanke. Gardama ya yi da abokansa kan wa zai fi tsallen kwaɗo, da rana tsaka, ba ruwa. Kwana biyu cinyoyinsa suka kumbura, ya kasa tsayuwa. Na ba shi kwalba ya yi fitsari, ya miƙo mini abu kaɗan a gindinta, launin shayin farko. Zaruruwan ne suka farfashe, jan abin nan miyoglobin ya kwarara cikin jini ya je ya toshe ƙoda. Muka ɗaura masa ruwa leda bayan leda, daga ƙarshe sai Yamai aka wuce da shi wankin ƙoda. Ya tashi. In ka taɓa ganin fitsarinka ya koma haka bayan motsa jiki, ko tsakar dare ne ka tafi asibiti. Ka riƙa yi da sanyin safiya ko bayan la'asar, ruwa a kusa. Da azumi kuma sai an sha ruwa.

Kada ka ɗauka ƙarfen nake hana ka. Da za ka ji tawa, har ka tsufa kada ka ajiye shi. Shekarar da na faɗi a babur aka ɗaure mini ƙafa cikin farin simintin asibiti mako shida, ranar da aka fasa na dubi sharaɓata ban gane ta ba, fata na reto. Mako shida ta zube, sai da na yi watanni kafin ta dawo. Daga shekara 30 zuwa sama tsoka na raguwa da kanta, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara gudu. Ni yanzu a salla nake auna kaina, ranar da na tashi daga sujada ban dafa ƙasa ba na san da saura. Abokaina biyu sun koma kujera a ƙarshen sahu. Tsoka ce kuma ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, kai kuwa ka san ciwon sukari ɗan gida ne a zuriyarmu.

Ga abin da nake so. Kada ka sake soka ko ɗaya. Kada kuma ka zubar da kwalaben, ka sa su a leda ka kai wa likita a asibiti, ka gaya masa yaushe ka fara, sau nawa, da duk abin da ka haɗiya. Ka ce a auna maka hawan jini, a duba hanta da kitsen jini, a yi gwajin ciwon hanta da sida. In ya ga da bukata zai sa a duba zuciya. Ba zai kai ƙararka wajen kowa ba, ya ga waɗanda suka fi ka nisa. Ka kuma sani, bayan dainawa za ka yi makonni jiki a mace, rai ba daɗi, hannun riga ya fara yi maka yawa, abokai su fara tambaya ko lafiya. A nan ne yawanci ke komawa ruwa. In ranakun nan suka zo ka kira ni ko ƙarfe nawa ne, ba sai ka yi bayani ba, ko zancen kokowa muka yi ya isa.

Innarka ba ta san komai ba, a wajenta har yanzu abincin Yamai ne. Tare da takardar nan akwai tiya biyar ta wake, da ƙuli-ƙuli, da cukun da aka aiko mana daga Abalak, da kilishin da na tsaya da kaina aka yi. Kuɗin gwajin zan tura maka ranar Laraba in Allah ya kai mu. In sakamako ya fito ka ɗauki hotonsa ka turo wa wayata, ba ta ƙanwarka ba.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka